Jarkokin Yariko da Ƙahon Baba

Na tsufa, jama'a. Ban ko karɓi sakamakon jarrabawar gama sakandare ba, amma na tsufa, har gwiwoyina ƙara suke yi idan na miƙe. Abin da ya tsufar da ni kuwa shi ne kwanan matasa na cocinmu na bana. Tun da aka yi shi nake yawo da fushi kamar na haɗiye garwashi. Mama ta ce idan na ƙara buga mata ƙofa sai na kwana a waje, shi ya sa na nemi wuri na zauna, in faɗa wa yara masu tasowa yadda duniya take a zamaninmu, kafin a mayar da komai abin dannawa da yatsa.

A zamaninmu, kwanan matasa ba wasa ba ne, ko da yake wasa muke zuwa yi. Sau ɗaya ake yinsa a shekara, cikin dogon hutu, lokacin da masara ta nuna. Matasa su shiga coci da yamma, ba mai komawa gida sai gari ya waye. Tun da sauran makonni ake fara shiri. Bayan sujadar Lahadi mu taru ƙarƙashin mangwaron da ke filin bayan coci, mu yi ta musu a kan jigon shekarar har yunwa ta raba mu. Ba mai kawo mana jigo a shirye, mu muke haƙo abinmu, mu ƙirƙiro wasannin da za su dace da shi. Shekarar da muka yi jirgin ruwa da dabbobi, kowa aka raɗa masa sunan dabba a kunne, aka ɗaure masa ido da ɗankwali, aka ce ya nemo abokin tafiyarsa da kuka kawai. Ranar nan cocinmu ya cika da jakuna da agwagi, har wani dattijo da ya leƙo ya koma da baya yana addu'a. Shekarar masunta kuma zannuwan iyayenmu muka mayar taru, muka yi ta kama ƙananan yara a fili, wani kifi ya ciji wani masunci a cinya. Ana cikin wannan, matan zumunta na coci suna gefe suna dama kunu a babbar tukunya, ɗaya tana buga tulu, wasu suna kaɗa kacau-kacau, ƙamshin gasasshiyar masara ya cika ko'ina. Wanda barci ya sace shi, da baƙin tukunya za a yi masa gemu. Idan ya kai ƙara, shugabar matan zumunta takan ce, "Gidan ubanka ba katifa ne da ka zo nan barci?"

Amma kowane jigo aka zaɓa, da garun Yariko ake rufewa. Ba yaron makarantar Lahadi da bai san labarin ba: birni mai katon garu, mutane suka zagaya shi shiru, aka busa ƙaho, aka yi ihu, garu ya zube. Namu garun da jarkoki muke gina shi. 'Yan garuwan unguwarmu a Hashimi, idan sun tashi daga aiki bayan magariba, sai su ba mu aron kurayensu da jarkokin da ke ciki, mu turo su coci muna tsere. Mu jera jarkokin nan rawaya-rawaya har su fi Fasto tsawo, a zura igiya ta hannayensu, ƙananan yara su kwanta a baya riƙe da bakin igiyar. Ba ma taɓa garun sai mun ji maƙwabta sun idar da sallar asuba a masallacin bayanmu, don kada ihunmu ya shiga musu. Sannan mu yi layi mu fara zagaye, sau bakwai, ba mai cewa uffan. Ku yi tunanin matasa cike da fili, sun kwana suna surutu, a ce sun yi shiru. Wannan ya fi faɗuwar garun zama abin al'ajabi. Ba ka jin komai sai takun silifas a jiƙaƙƙiyar ƙasa da kukan kwaɗi. A zagayen ƙarshe sai ƙaho ya tashi, mu kwarara ihu, jarkoki su zubo kamar aradu. Daga nan mu kwashe su zuwa famfon coci, mu cika kowace har baki, mu mayar wa masu su. Ba a mayar da jarka wayam, haka muka tarar. Babban 'yan garuwan yakan tare mu yana dariya ya ce, "Kiristoci, birnin ya faɗi?" Mu ce, "Ya faɗi, Malam." Ya ce, "To, Allah ya maimaita mana."

Ƙahon na Baba ne, wani tsohon malamin firamare da ke zaune a bayan coci. Ƙahon sa ne na gaske, daga ƙauyensu ya zo da shi, ya yi baƙi saboda hannu, yana warin hayaƙi da tsufa. Doka ce cewa cikin masu gama makaranta a shekarar, wanda ya fi daɗewa a cocin shi zai busa, namiji ne ko mace. Sau ɗaya mutum yake samu a rayuwarsa. Badi ka wuce, wani ne a layi.

Ina ƙarama sosai shekarar da aka fara sa ni cikin masu jan igiya. Na kwanta a bayan garu, kuncina manne da wata jarka mai sanyi, sauro suna biki a ƙafafuna, ba damar kai musu mari. Wata Yaya ce ke da ƙaho a shekarar, siririya ce kamar tsinken tsintsiya, har na raina ta. Da ta busa, ƙarar ta shiga cikin jarkokin nan da ba komai a cikinsu, kowace ta ɗauka tana amsawa, garun duka ya yi ta gurnani a kan fuskata. A haƙorana na ji shi. Na finciki igiya da ƙarfin da ban san ina da shi ba, jarka ta sauko ta same ni a goshi, na yi ƙulu kamar ƙwan talotalo, amma ko kuka ban yi ba. Ina kwance cikin jarkoki ina kallon Yayar nan, ƙaho a hannunta, kowa yana tsalle, na ce a raina, ni ma sai na yi wannan. Tun daga ranar nake sa ido a kan duk wanda zai iya shan gabana a layi. Akwai wani sa'ana da aka haifa a cocin kamar ni, ya riga ni da 'yan watanni. Da aka yi wa babansa canjin wurin aiki suka koma Tafa, na yi kuka a wurin bankwana, amma da ido ɗaya.

Bana layi ya zo kaina. Baba ƙafafu sun hana shi zuwa coci, sai na riƙa zuwa gidansa, in share masa tsakar gida, in wanke kwanuka, shi kuma ya koya mini. Farkon abin ba daɗin ji. Na busa, wani abu ya fito kamar saniya mai ciwon ciki. Awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Wata mata ta shigo da gudu, zani a hannu, tana tambaya ko jikin Baba ne ya tashi.

Baba ya ce, "Ba da kumatu ake busawa ba, 'yata. Ki tsaya tukuna. Ki dasa ƙafa. Ki ja numfashi a hankali har ya sauka cikinki. Wa yake korarki?"

"Baba, ai mutane za su gaji da jira."

"Su jira mana. Sun kwana suna jira, ɗan wannan ne zai kashe su?"

Haka muka yi ta yi har leɓena ya kumbura, 'yan ajinmu suka ce ko rina ce ta harbe ni. Sai wata rana da la'asar ya fito. Murya mai kauri, doguwa, ba rawa, har kwanon rufin gidan ya amsa. Baba bai yabe ni ba, shi ba ya yabo. Ya dai ce in ɗauki ƙahon in tafi da shi, in kuma tuna ba a busa shi a harabar coci kafin lokacinsa, ko don gwaji.

To, ga abin da zamani ya yi mana. Filin bayan coci yanzu ba fili ba ne, an shimfiɗa masa bulo an mayar da shi wurin ajiye motoci. An sare mangwaron don yana zubar wa motoci ganye. An ɗaga katanga, an sa mata waya mai ƙaya, an kafa ƙofar ƙarfe. A gefenmu an gina bene, ma'aikatan Abuja suka cika shi, mutanen da ke fita tun da duhu su dawo da duhu, ranar hutu kuwa ko tari ka yi sai sun leƙo ta taga. Aka kuma naɗa mana sabuwar shugabar matasa, wata Anti da ita ma a Abuja take aiki. Zan faɗi gaskiya, ba muguwa ba ce. Lokacin da Mama ta kwanta asibiti ita ce ta fara zuwa. Amma taron shirin bana ba musu, ba yunwa, ba ihu. A ofis aka yi shi, ta buɗe laftof, ta juyo mana da shi, ta ce ga jigo ta samo: Daren Haske. Kowa zai ɗaura abin hannu mai ƙyalli a duhu, za a yi kacici-kacici ta waya, za a fasa balan-balan, za a kalli fim a bango. Duk an tsara, mu namu tafi ne kawai.

Na ɗaga hannu na ce, "Anti, ina Yariko?"

Ta ce, "Wane Yariko, Sista?" Idan Anti ta kira ka Sista ko Broda da wannan murya, to za ta hana ka abu ne.

"Garun jarkoki mana. Bana ni ce da ƙaho."

"Ayya. Ai dattawa sun ce da zarar an kulle ƙofa ba mai fita daga zauren coci sai safe, kin san yanayin tsaro. Mutanen bene ma sun kawo ƙara bara. Kuma jarkokin nan, wa ya san inda suka shiga?"

"Ruwan da muke sha a gida daga cikinsu yake fitowa, Anti."

Na juya in ga wa zai tsaya mini. Ƙawata, wadda muka ja igiya ɗaya da ita muna yara, tana can tana gwada abin hannu mai ƙyalli. Ta ce, "Abeg, don Allah ki bari mu gwada sabon abu mana. Kullum jarka, kullum jarka." Na dube ta na ga ban taɓa saninta ba. Da a fim ne da a nan zan faɗi sumammiya.

Ban haƙura ba, na tafi wurin Fasto. Na yi masa bayani tun daga ƙulun goshina har kumburin leɓena. Ya saurara yana murza ido, ya ce maganar tsaro ba zai taɓa ta ba, yaran mutane amana ne a hannunsa. Amma zai gaya wa Anti a yi Yariko da yamma, cikin zaure, kafin a shiga sauran shirin, a kuma yi shi da sauri. Yariko da rana tsaka, a kan tayil, ƙarƙashin fanka! Na haɗiye fushina. Na ce ba komai, muddin zan busa.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne, da yamma 'yan garuwa suna kan aiki. Na sami babbansu a bakin famfo, ya ce, "Haba 'yar nan, da yamma? In na ba ki, da me za mu kai wa mutane ruwan girki?" Sannan ya ce, "Bana birnin ba zai faɗi ba ke nan?" Na ce, "Zai faɗi, Malam, ƙarami ne dai." Na bi gida-gida na tattaro jarkokin manja da kwalayen taliya. Da muka jera su a gaban zaure, garun ya kawo mini gwiwa. Akuya mai ciki za ta tsallake shi ba tare da ta lura akwai birni ba. Masu jan igiya ba inda za su ɓuya, suka zauna a gefe kowa yana ganinsu, ɗaya yana shan alawa.

Ana saura kaɗan a fara, Brodan da ke kula da na'urar sauti ya zo ya same ni. Mutum ne mai son aikinsa, ko atishawa za ka yi a coci sai ya kawo maka makirfo.

Ya ce, "Ƙanwata, zo ki ɗan busa mu gwada."

Na ce, "Ba a busawa kafin lokaci, Broda."

"Sau ɗaya kawai, in ji yadda zai fita."

"Doka ce. Za ka ji in lokaci ya yi."

Ya dube ni, ya dubi ƙahon, ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane wani abu. Ashe labarin saniya mai ciwon ciki ya riga ya zaga unguwa ya iso kunnensa. Na gan shi ya je yana yi wa Anti raɗa, ta waiwayo ta yi mini murmushin tausayi. Ban kawo komai a raina ba.

Aka fara zagaye. Shirun da na ba ku labari, ku manta da shi. Broda ya sa wani kiɗa mai sanyi a ƙasa-ƙasa, Anti tana riƙe da makirfo tana ƙirga mana zagaye kamar masu motsa jiki, rabin layin kuma sun ɗaga waya suna ɗaukar sauran rabin. Duk da haka ban karaya ba. Na ce ko garun kwalin ashana ne, yau Suleja za ta ji ni. Muka kai zagayen ƙarshe, aka tsaya, kowa ya juyo. Na fito gaba. Na dasa ƙafa. Na ɗora ƙaho a baki. Na fara jan numfashi a hankali, yana sauka, yana sauka, kamar yadda Baba ya koya mini, ba mai korata.

Sai sifikokin zaure suka fashe da ƙara.

Kakaki ne irin na fim ɗin yaƙi, kamar sojoji dubu a kan dawakai, har da amsa-kuwa. Gilasan taga suka yi rawa. Jama'a suka kwarara ihu, yaran suka ja igiya, kwalayen taliya suka kife a hankali kamar masu jin kunya. Kowa yana tsalle yana tafi. Ni kuma ina tsaye a tsakiya, ƙaho a baki, ciki da kumatu cike da iska, ban fitar da ko ɗigo ba.

Ban san lokacin da na isa bayan zaure ba. "Broda, wa ya aike ka?"

Ya zare abin kunnensa yana murmushi. "Na ga kin tsaya ne, na ce kada ki ji kunya a gaban mutane. Taimakonki na yi fa."

"Numfashi nake ja!"

"To ai ban sani ba. Da kin yarda mun gwada."

Na koma wurin Anti na ce a sake jera garun, yanzu-yanzu, ba zai ɗauki komai ba. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Sista, ya yi kyau sosai fa, zo ki gani a bidiyo, kamar ke ce. Mun riga mun makara, yanzu balan-balan ne." Kafin in rufe baki an kwashe kwalayen an tura su bayan ƙofa. Na iya busawa a lokacin, na sani. Amma busa wa me? Birnin ya riga ya faɗi. Mai busa ƙaho bayan garu ya zube mahaukaci ne kawai da ƙaho. Haka na kwana a kujerar baya, ƙaho a cinya, wani koren abu yana ƙyalli a hannuna kamar an yi mini alamar asibiti. Ba kunu, lemon kwalba aka raba. Ba wanda aka yi wa gemu da baƙin tukunya, don ba tukunyar.

Da gari ya waye aka buɗe ƙofa, na wuce kai tsaye gidan Baba in mayar masa da kayansa. A hanya na shirya maganata tsaf. Zan kai ƙarar Broda, da Anti, da dattawa, da mutanen bene, da wanda ya ƙirƙiro sifika. Na yi sallama, na same shi zaune a bakin ƙofa, ya sa hularsa ta zuwa coci.

Bai bari na gaishe shi ba. "'Yata! Zo nan, zo nan. Na ji ki."

Na ce, "Baba, ai..."

"Ina kwance na ji. Kunnen nan nawa da ba ya jin kiran abinci, jiya ya ji. Na ce wa mamanku, tashi, yarinyar nan ce." Ya kama hannuna da hannayensa biyu. "Shekara nawa ina ba yara ƙahon nan, ban taɓa jin wanda ya fitar da shi haka ba. Ko ni da ƙuruciyata. Kamar mutum goma ke busawa."

Mutumin da bai taɓa yabon kowa ba. Idonsa ya kawo ruwa, yana gogewa da bakin riga, yana kiran matar nan da ta taɓa shigowa da gudu ta zo ta ga saniyar da ta raina. Duk maganar da na shirya na ajiye ta gefe. Na durƙusa na ce, "Na gode, Baba." Ya karɓi ƙahon, ya shafa shi, ya ba matarsa, wadda muke kira mamanmu, ta rataye a ƙusa sai badi.

Badi ba ni ba ce. Wani yaro ne a layi, kuma na ji Broda yana cewa ya adana sautin, ba sai an wahalar da kowa da koyo ba. Bidiyon yana ta yawo a wayoyin iyayenmu, ga ni nan tsaye da kumatu kamar ƙwallo, ana ta sa mini albarka a ƙasa. Ranar Lahadi wata tsohuwa ta tare ni ta ce ashe haka nake da ƙirji. Na yi mata murmushi, na dawo gida na buga ƙofa.

Iskar da na ja ranar nan ban fitar da ita ba har yanzu. Tana nan a cikina, kuma duk wanda ya ƙara ce mini ya yi kyau a bidiyo, a kansa za ta fita.